Mai Shinshina Hayaƙi

Wata uku fitilar nan ruwan ɗorawa
tana kallona ta bayan sitiyari,
ba ta ƙiftawa, ba ta gajiya,
kamar mai bin bashi da ya samu inuwa a ƙofar gida.

Sali bakanike ya ce sunanta sondi.
Mai kayan gyara, mutumin Mubi, ya ce sansa.
Sun saɓa a suna, sun haɗu a kuɗi.
Sabuwa dai na saya, ladan hannu na hana.
Jaka goma ta sefa, don a kwance abin
da bai fi babban yatsana ba?

Asabar, a Yelwa, bayan asuba,
kafin ranar Garwa ta fara toya bango,
na shimfiɗa buhun siminti a gindin darbejiya,
na shige ƙarƙashin mota da rigingine.

Ga ta nan a wuyan salansa.
Shekara goma sha tara tana shinshina hayaƙi,
tsatsa ta ɗaura musu aure da ƙarfe,
babu waliyyi, babu shaidu, babu saki.

Sifana lamba ashirin da biyu.
Na ja. Ko gezau.
Na ɗiga mata man birki, na sha shayi, na dawo,
na ja, sifana ta zame,
bayan hannuna ya gaisa da bututu,
fata ta bar masa tsaraba.
Na faɗi wata kalma da na yi sallama da ita
tun ina yaron mota a hanyar Marwa.

Ummulu na tsugune riƙe da tocila,
shekararta tara, ta yi kamar ba ta ji ba.
Can ta ce, "Baba, ina kake juyawa?"
Na ce, "Hagu."
Ta ce, "Hagunka ko hagun mota? Ai kwance kake."

Ashe rabin sa'a ɗaurewa nake yi.

Na juya. Duk da haka ta ƙi.
Goggo Dija mai suyar kifin Binuwai
ta leƙo ta kan katanga:
"Tun safe nake jin nishi, na zaci haihuwa ake.
Kai Malam, ƙarfe ba ya jin lallashi da sanyi.
Tambayi kaskona.
Ta da injin, wuyan ya ɗau zafi, sannan ka roƙe shi."

Na tayar. Na kashe.
Na zura wa sifana guntun bututun famfo,
na naɗe hannu da tsohon rawani,
na dafe taya da ƙafa, na yi bisimilla,
na ja da duk abin da tuwon jiya ya bar mini.

Ƙas!

Ban sani ba ko ita ce ko ƙashin bayana.
Sai ta taho, zagaye bayan zagaye,
tana kuka siriri kamar ƙyauren ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba,
ta faɗo a tafina, da ɗumi, baƙa ƙirin.

Ina cikin yi mata dariyar nasara
Ummulu ta bi waya da haske.
"Baba, wa ya ci nan?"

Ɓera.
Haƙora biyu, tsaf, kamar aikin tela.
Baiwar Allah lafiyarta ƙalau,
harshenta aka yanke, ta rasa ta inda za ta faɗa.

Na haɗa waya, na naɗe da salatif,
na goge mata hanci da gefen riga,
na mayar da ita ɗakinta a hankali,
ina ba ta haƙuri ƙasa-ƙasa, kada Goggo ta ji.

Mutumin Mubi ba ya karɓar abin da ya fita shago.
Sabuwar na kan kanta, cikin kwalinta, kusa da gishiri.

Da yamma na bi ta kan gada.
Bayan sitiyari duhu, babu mai kallona.
Sau uku ina duba inda take.